Padmaavat: An Rufe Ƙugun Sarauniya, An Bar Wutar Tana Ci

Ranar 27 ga Janairun 2017, ana tsaka da ɗaukar fim a cikin tsohuwar ganuwar Jaigarh da ke kan tudun birnin Jaipur, a jihar Rajasthan ta Indiya, sai gungun samari suka kutso. Suka watsa kayan aiki, suka cafki darakta Sanjay Leela Bhansali, suka ja masa gashi, suka sharara masa mari a gaban ma'aikatansa. Samarin 'yan wata ƙungiya ce mai suna Karni Sena, wadda aka kafa a 2006, take kuma iƙirarin ita ce mai tsaron mutuncin 'yan Rajput, zuriyar sarakuna da mayaƙan wannan yanki. Jita-jita ce ta kawo su: wai a fim ɗin akwai fitowar da sarkin Delhi, Alauddin Khilji, zai yi mafarki yana soyayya da Sarauniya Padmavati ta Chittor. A lokacin fim bai kammalu ba balle a ce wani ya gan shi. Bhansali ya rubuta musu, daga baya kuma ya fito a bidiyo ya faɗa da bakinsa, cewa babu wannan fitowa. Da fim ɗin ya fito bayan shekara guda aka tarar gaskiya ya faɗa. Daga farko har ƙarshe, Khilji da Padmavati ba su taɓa tsayawa a wuri ɗaya ba.

Bhansali ba baƙo ba ne ga mai kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa. Shi ya yi Hum Dil De Chuke Sanam, shi ya yi Devdas, shi ya haɗa Ranveer Singh da Deepika Padukone a Ram-Leela da Bajirao Mastani. Mutum ne mai son ƙawa: fadoji masu dubban fitilu, tufafi masu nauyi, rawar mata ɗari a fili ɗaya. A wannan karon ya ba Deepika matsayin sarauniyar, Shahid Kapoor ya zama mijinta Ratan Singh, Ranveer kuma ya ɗauki Khilji. An kashe kusan rupi biliyan 2 a aikin, wanda ya sa shi cikin finafinai mafi tsada da Indiya ta yi zuwa lokacin.

Bayan marin Jaipur masu fim suka tattara suka koma Kolhapur a jihar Maharashtra. A watan Maris, cikin dare, aka cinna wa wurin ɗaukar wuta, akwatunan tufafi suka ƙone. A cikin watan ne kuma aka farfasa madubban da ke wani gini na ganuwar Chittorgarh, waɗanda 'yan rakiyar masu yawon buɗe ido suka daɗe suna nunawa suna cewa ta cikinsu Khilji ya hango fuskar sarauniya. Zuwa Nuwamba, da ranar fitowa ta 1 ga Disamba ta matso, abin ya wuce fasa kaya. Wani jagoran Karni Sena ya yi barazanar yanke wa Deepika hanci. Suraj Pal Amu, jami'in yaɗa labarai na jam'iyyar BJP mai mulki a jihar Haryana, ya tsaya a bainar jama'a ya sa ladan rupi miliyan 100 ga duk wanda ya fille kan Deepika da na Bhansali. 'Yan sandan Mumbai suka ƙara mata masu gadi. Mutanen da suka ce sun fito kare martabar mace ɗaya da ta rasu shekara ɗari bakwai da suka wuce, su ne suka sa farashi a kan wuyan mace mai rai, saboda ta karɓi aiki ta yi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya tambayi wace irin tarbiyya ake karewa.

'Yan siyasa ba su tsaya tambaya ba. Zaɓen jihar Gujarat na tafe a Disamba, ga zaɓukan cike gurbi a Rajasthan a ƙarshen Janairu, 'yan Rajput kuma ƙuri'a ce mai nauyi. Babban ministan Madhya Pradesh na lokacin, Shivraj Singh Chouhan, ya ce ba za a nuna fim ɗin a jiharsa ba. Vijay Rupani na Gujarat ya bi sahu. Vasundhara Raje ta Rajasthan ta rubuta wa gwamnatin tarayya a dakatar da shi sai an gyara. Ba BJP kaɗai ba ce: Amarinder Singh, babban ministan Punjab na lokacin a jam'iyyar Congress, shi ma ya ce masu zanga-zanga suna da gaskiya. Duk wannan kafin hukumar tace finafinai ta ƙasa ta zauna ta kalla. Kamfanin Viacom18 ya ɗage ranar fitowa.

Wane tarihin aka ɓata?

Kalmar da ke bakin kowa ita ce an ɓata tarihi. To ga abin da tarihin ya ajiye. Alauddin Khilji ya mulki daular Delhi daga 1296 zuwa 1316. A farkon 1303 ya fita da runduna ya kewaye Chittor, babban birnin masarautar Mewar, ya zauna kusan wata takwas kafin birnin ya faɗi a watan Agusta. Sarkin da ya tarar, Ratnasimha, wanda fim ɗin ya kira Ratan Singh, mutum ne na gaske, akwai rubutun dutse na 1302 da ke ɗauke da sunansa. Mawaƙin fada Amir Khusrau yana cikin tafiyar, ya kuma rubuta labarinta a littafinsa Khaza'in al-Futuh. Ya ce sarki ya ba da umarni aka kashe mutum 30,000, ya sauya wa birnin suna zuwa Khizrabad don ɗansa Khizr Khan. Bai ambaci wata sarauniya Padmini ko Padmavati ba, bai ce saboda mace aka yi yaƙin ba. Chittor tana kan hanyar Gujarat da Malwa da kudancin Indiya, wuraren da Khilji ke kai yaƙi yana kwaso dukiya. Wannan dalili ya ishi sarki irinsa.

Sarauniyar ta fara bayyana ne a 1540, shekara 237 bayan yaƙin, a wata doguwar waƙa da harshen Awadhi mai suna Padmavat. Wanda ya yi ta Musulmi ne, sufi, Malik Muhammad Jayasi. A waƙar, Padmavati 'yar sarkin tsibirin Singhal ce. Tana da aku mai magana, Hiraman, kuma shi ne ya kai labarin kyawunta Chittor, har sarki ya bar gadonsa ya sa tufafin masu zuhudu ya ƙetare tekuna bakwai don ya same ta. Wani malamin fada da aka kora, Raghav Chetan, ya tafi Delhi ya zuga Alauddin. Masu sharhi da yawa suna karanta waƙar a matsayin misali irin na sufaye: tafiyar zuciya zuwa ga hikima, da ruɗin duniya da ke tare hanya. Wani abin lura, a waƙar Jayasi ba Alauddin ne ya kashe mijin Padmavati ba. Wani sarkin Rajput ɗan'uwansa ne, Devpal na Kumbhalner, wanda shi ma ya yi kwaɗayin matar. Wannan sashe ya ɓace a bakin masu zanga-zanga, ya kuma ɓace a fim ɗin Bhansali.

Daga nan labarin ya yi ta sauya riga. Marubutan fadojin Rajasthan sun mai da shi labarin jarumtar dakaru biyu, Gora da Badal. Jami'in mulkin mallaka na Ingila James Tod ya saka shi a littafinsa na tarihin Rajasthan da ya fara fitowa a 1829, kamar abin da ya faru. Marubutan Bengal na ƙarni na 19 suka ɗauko daga Tod suka mai da sarauniyar tutar kishin ƙasa: mace 'yar Hindu da ta zaɓi wuta a kan hannun baƙon Musulmi. Masaniyar tarihi Ramya Sreenivasan ta bi sawun waɗannan sauye-sauye a littafin da ta fitar a 2007.

Ba na faɗin wannan don in raina abin da 'yan Rajput ke ji. Masana na gardama a kan Bayajidda, amma wanda ya je Daura ya tsaya a bakin rijiyar Kusugu ya san labari na iya zama ƙashin bayan al'umma ko da babu takardar da ta tabbatar da shi. A Chittorgarh ana taron tunawa da matan da suka faɗa wuta don kada maƙiyi ya kama su duk shekara, kuma ƙonewar 1535, lokacin Bahadur Shah na Gujarat, da ta 1568, lokacin Akbar, suna cikin littattafan tarihi. Jin ciwo halal ne. Abin da ba halal ba shi ne mutum ya ce labarin da aka yi ta sarrafawa ƙarni biyar, wanda sufi Musulmi ya fara rerawa, yau ya zama mallakarsa shi kaɗai, wanda ya taɓa sai an mare shi.

Abin da hukuma ta gani

A ƙarshen Disambar 2017 hukumar tace finafinai, ƙarƙashin Prasoon Joshi, ta zauna ta kalla. Ta gayyato malaman tarihi biyu da Arvind Singh na gidan sarautar Mewar. Ta ba da takardar da ke barin yara 'yan ƙasa da shekara 12 su kalla tare da iyaye, bisa sharuɗɗa biyar. A sauya suna daga Padmavati zuwa sunan waƙar Jayasi, don a nuna daga waƙa aka ɗauko. A rubuta a farko cewa fim ɗin ba ya iƙirarin shi ne tarihi. A rubuta cewa ba ya goyon bayan al'adar sati, wato mace ta bi gawar mijinta cikin wuta. A gyara sunayen wasu wurare. Sai kuma a gyara waƙar Ghoomar ta dace da matsayin sarauniya.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Ghoomar rawa ce ta matan Rajasthan, ana juyawa kamar mazari, faffaɗan siket yana buɗewa. A bidiyon da aka fara saki a Oktoba, Deepika na sanye da gajeriyar riga irin tasu, tsakanin rigar da siket ɗin ana ganin fatar ƙugunta. Aka ce sarauniyar Rajput ba ta bayyana haka. Ba a sake ɗaukar rawar ba. Masu aikin kwamfuta ne suka bi hoton ɗaya bayan ɗaya suka shafe wurin da launin tufa. A sabon bidiyon da ya fito a Janairu, rigar ta sauko ta haɗe da siket. A cikin fim mai tsawon awa biyu da minti arba'in da 'yan kai, wannan tafin hannu na fata shi ne abin da idon tarbiyya ya hango a jikin hoton.

Takardar hukuma ba ta kashe wutar ba. Jihohi huɗu, Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh da Haryana, suka ce ko da takarda ba za a nuna ba, don gudun tarzoma. Masu fim suka tafi Kotun Ƙoli. Ranar 18 ga Janairun 2018, alƙalai uku ƙarƙashin babban joji Dipak Misra suka dakatar da haramcin. Hujjarsu ba sabuwa ba ce. Kundin tsarin mulkin Indiya, a sashe na 19, ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, ya kuma yarda a taƙaita shi saboda ɗa'a ko zaman lafiya. Amma dokar finafinai ta 1952 hukuma ɗaya ta ba wannan aiki. Idan ta kalla ta ba da takarda, aikin gwamnatin jiha shi ne ta tsare masu kallo, ba ta rufe silima ba. Tun 1989, a shari'ar wani fim na harshen Tamil, kotun ta riga ta ce ba a danne fim don wasu sun yi barazanar tashin hankali, domin yin haka miƙa wuya ne ga masu barazana. Rajasthan da Madhya Pradesh suka koma suna roƙon a sake duba hukuncin, kotu ta ƙi.

Hukunci ya tsaya a takarda, titi kuma ya yi abin da ya ga dama. A Chittorgarh ɗaruruwan mata suka yi maci riƙe da takubba suna cewa za su faɗa wuta idan aka nuna fim ɗin. A Ahmedabad aka ƙone ababen hawa a ƙofar manyan kantuna masu silima. Ranar 24 ga Janairu, jajibirin fitowa, aka yi wa motar 'yan makaranta ruwan duwatsu a Gurugram, kusa da Delhi. Bidiyon ya zagaya duniya: ƙananan yara a durƙushe tsakanin kujeru suna kuka, malamai mata sun rungume su, gilashi na zuba. Ƙungiyar masu manyan silimu ta ce mambobinta ba za su nuna fim ɗin a Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh da Goa ba. Kotu ta buɗe ƙofa, tsoro ya rufe ta. A sauran wurare ya fito ranar 25 ga Janairu, ya tara sama da rupi biliyan 5 a duniya. Kwanaki kaɗan bayan haka wani ɓangare na Karni Sena a Mumbai ya shiga ya kalla, ya fito ya ce ashe fim ɗin ɗaukaka 'yan Rajput ya yi, ya janye adawa, ko da yake sauran shugabannin sun ce ba da yawunsu ba.

Abin da ke cikin fim ɗin

Wancan ɓangare na Karni Sena gaskiya ya gani, kuma a nan ne matsalar da ta dame ni take. Padmaavat bai zagi 'yan Rajput ba. Kirari ya yi musu daga farko har ƙarshe. Ratan Singh ba ya kai hari kan maƙiyi marar makami, ba ya cin amanar baƙo, kowace magana tasa a kan alkawari da mutunci take. Wanda aka zubar wa mutunci a fim ɗin shi ne wanda babu ƙungiyar da ta fito dominsa.

Dubi yadda aka shigo da Khilji. An ce ya kawo gashin jimina guda ɗaya, sai ga shi ya jawo jiminar sukutum a ɗaure, ya nemi 'yar baffansa a matsayin lada. A daren aurensa yana tare da wata matar, ya kuma kashe wanda ya gan shi. Fuska da tabo, ido cike da kwalli, gashi a yamutse, fatun dabbobi a kafaɗa. Yana yagar nama da haƙori, maiƙo na bin gemu. Fadarsa duhu ce, ta Chittor kuma haske da fitilu da farin dutse. Bawansa Malik Kafur ne ke harbin Ratan Singh ta baya ana tsaka da gwabzawar gaba da gaba, abin da babu shi a waƙar Jayasi. Ranveer Singh ya yi wasan da ƙwarewa, har ya ci kyauta a kai, kuma ƙwarewar ce ta sa hoton ya zauna a zuciyar mai kallo.

Ba waliyyi nake son a mai da Alauddin ba. Ya kashe baffansa kuma surukinsa Jalaluddin a 1296 ya hau gadonsa. Ya rushe wuraren bauta, ya kwashi bayi, adadin 30,000 na Chittor kuma daga alƙalamin mawaƙinsa ya fito. Amma shi ne kuma ya kori rundunonin Mongol sau da dama a lokacin da suka riga suka rusa Bagadaza. Ya ƙayyade farashin hatsi da tufa da dawaki a kasuwannin Delhi, ya sa masu sa ido, ya gina rumbunan gwamnati, kamar yadda Ziyauddin Barani ya bayyana dalla-dalla. Ya hana sayar da giya. Ƙofar Alai Darwaza da ya gina a 1311 tana nan tsaye kusa da hasumiyar Qutb. Fadarsa bisa ladubban Farisa take tafiya, kuma masana tarihi irin su Rana Safvi sun nuna cewa sarkin da ke zaune da Amir Khusrau ba zai ci abinci kamar kura ba. Azzalumi mai wayo da tsari ya fi dodo ban tsoro, ya kuma fi shi amfani ga mai son fahimtar mulki. Bhansali ya zaɓi dodo. Ya zaɓe shi a ƙasar da Musulmi kusan kashi 14 cikin ɗari ne, a shekarun da ake dukan wasunsu har lahira bisa zargin cin naman shanu, ake kuma yaɗa cewa samarinsu na farautar 'yan matan Hindu. Rubutun da aka liƙa a farko, cewa wannan ba tarihi ba ne, daƙiƙoƙi yake yi ya wuce. Sunan sarkin na gaske ne, birnin na gaske ne, kuma abin da ya rage a idon yaro ɗan shekara goma sha biyar shi ne Musulmin da ke yagar nama.

Sai kuma ƙarshen fim. Jauhar ita ce al'adar da matan birnin da aka ci da yaƙi ke faɗawa wuta gaba ɗaya don kada a kama su. Sati kuwa ita ce mace ta bi gawar mijinta cikin wutar ƙona shi. Bhansali ya ba jauhar kusan kwata na awa. Padmavati ta yi wa mata jawabi, suka sa jajayen tufafin amarci, suka gangaro matakala kamar ruwa, kiɗa na tashi. Khilji ya kutso, suka tare shi da garwashi, aka rufe ƙofa a fuskarsa. A cikin jerin akwai mace mai tsohon ciki, akwai ƙaramar yarinya an riƙe mata hannu. Kyamara ba ta nuna fatar da ke ƙuna ba, ba a ji ihu ba, ba a ga wadda ta ja da baya aka tura ta ba. Fuskar Deepika kawai, da hawaye ɗaya da ɗan murmushi, tana nufar harshen wuta. An shirya fitowar ne don mai kallo ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya ce nasara ce.

A Indiya wannan ba tsohon zance ba ne. An haramta sati tun 1829, amma a Satumbar 1987, a ƙauyen Deorala na Rajasthan ɗin nan, wata amarya 'yar shekara 18 ta ƙone tare da gawar mijinta a gaban taron jama'a, daga baya dubbai suka riƙa zuwa ziyarar wurin. Abin da ya sa aka yi dokar 1987 ke nan, wadda ta sa ɗaurin shekara 1 zuwa 7 ga mai ɗaukaka sati. Hukumar da ke da wannan doka a gabanta ta ga layi ɗaya na rubutu ya wadatar a kan wutar, ƙugu kuwa sai an bi shi hoto-hoto. An bar jaki ana dukan taiki.

Wadda ta ɗaga wannan magana da ƙarfi 'yar fim ce, Swara Bhasker, wadda ta tsaya wa Bhansali lokacin da ake farautarsa. Ta sayi tikiti, ta kalla, ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa kwana biyu bayan fitowar fim ɗin. Ta ce mace na da haƙƙin rayuwa ko mijinta ya mutu, ko an yi mata fyaɗe, kuma fim ɗinsa ya koya wa 'yan mata akasin haka. An zage ta sosai. Amma ita ce ta yi sukar tarbiyya ta gaske a duk wannan rigima, kuma ba ta iya yin ta ba sai da aka bari ta gani. Da jihohi huɗun nan sun yi nasara, da har yau ana gardama a kan mafarkin da babu shi, ba wanda ya san da yarinyar da aka riƙe wa hannu.

Shi ya sa ban goyi bayan Malesiya ba, wadda hukumarta ta haramta fim ɗin a ƙarshen Janairu saboda yadda aka nuna sarki Musulmi, duk da cewa ciwon da ta ji ni ma na ji shi. Pakistan ta bi wata hanya: hukumarta ta gayyaci farfesan tarihi ya zauna da su, ta saki fim ɗin ba tare da yanke komai ba, marubutan ƙasar kuma suka yi masa fata-fata a jaridu. Haramcin Malesiya bai cire ko tabo ɗaya daga fuskar Khilji a idon miliyoyin da suka kalla a wasu ƙasashe ba. Rubuce-rubucen masana, na Indiya da na waje, su ne suka sa mutane da yawa suka fara jin sunan Barani da Khusrau.

Mu da muke kallon waɗannan finafinai tun zamanin silimun Kano har zuwa yau da ake juya su zuwa Hausa, zancen bai yi mana nisa ba. Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, kuma mafi yawan rigimarta da 'yan fim a kan sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata take. Ba na cewa waɗannan ba su da muhimmanci. Al'umma na da haƙƙin ta ce ga abin da ba ta so 'ya'yanta su gani, ta hanyar doka da hukumar da za a iya kai ƙararta kotu. Tambayata ita ce ko idon da ya saba auna tsawon mayafi zai gane fim ɗin da kowa ya rufe jikinsa ruf, amma yana koyar da raina wata ƙabila ko ɗaukaka zalunci. Mun ga yadda hukumar tarayya ta Najeriya ta riƙe fim ɗin Half of a Yellow Sun daga Afrilu zuwa Yulin 2014 saboda ya taɓo kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa. Ranar da wani darakta zai ɗauki Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, jikokin ɓangarorin biyu suna nan da ransu da rawunansu, kuma kowa da yadda kakarsa ta ba shi labari. Zai buƙaci hukumar da za ta kalla kafin ta yanke, da gwamnatin da za ta tsare ƙofar silima, da malaman tarihi da za su fito su ce masa ya yi ƙarya a inda ya yi ta.

A Indiya dai, masu fim sun karanta darasin ta wata fuskar. Padmaavat ya ci kyaututtukan ƙasa uku, har da na tsara rawar Ghoomar. BJP ta faɗi duka zaɓukan cike gurbi uku na Rajasthan duk da haramcin da ta yi. Amma Karni Sena, wadda tun 2008 ta hana a nuna fim ɗin Jodhaa Akbar a Rajasthan, ta fito daga rigimar da suna a duk faɗin ƙasar, sauran ƙungiyoyi kuma sun ga hanya. A Disambar 2019 'yan al'ummar Jat suka yi zanga-zanga a kan yadda aka nuna sarkinsu Surajmal a fim ɗin Panipat; masu fim suka yanke kusan minti 11 bayan hukuma ta riga ta ba su takarda, fim na kan allo. A 2022 kamfanin Yash Raj, ɗaya daga cikin mafi girma a Mumbai, yana shirin sakin fim ɗin Akshay Kumar a kan sarki Prithviraj Chauhan. Karni Sena ta ce kiran sunan sarkin haka kawai babu laƙabi raini ne. Mako guda kafin ranar fitowa, kamfanin ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa cewa ya sauya sunan zuwa Samrat Prithviraj.